Shekarar Da Na Kira Ɗan Farina Da Sunansa

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da Ya ara mini kwana har na ga tattaɓa-kunnena. Ba don in yabi kaina na sa aka rubuta wannan babi ba. Dalilina biyu ne. Ranar wani suna a gidan nan na ji ƴan mata suna ƙus-ƙus a bayan ɗakina, wai kakarsu Habsu ce macen da ta fara kiran ɗan farinta da suna a duk ƙasar Gangara, wai kuma ita ta kori uwar mijinta zuwa Azbin. Na farkon gaskiya ne, ban taɓa musu ba. Na biyun ƙarya ce, kuma ba zan shiga kabari in bar ta tana yawo a bakin jikokina ba. Sannan ga Mariyama, ƴar ɗan farina Musa, ta zo mini daga Damagaram da ɗanta a goye da damuwa fal ciki, wai mijinta ɗan lakwal, wato ɗan boko, yana yi wa yaron Faransanci ita tana yi masa Hausa, wata maƙwabciya ta ce mata harshe biyu yana ɗaure bakin yaro. Na ce ta zauna ta ɗauki alƙalami, tunda ubanta ya riga ni tafiya, ba kuma wanda ya rage da ya ga abin da idonsa sai ni.

An kawo ni gidan kakanku daga Falanko a shekarun da Nasara bai daɗe da kafa barikinsa a Tanut ba. Mota kuwa sai dai labarinta a bakin fatake. Ƙauyenmu yana gabas da Gangara, ƴan gidaje ne da ba su isa a ce musu gari ba, da rijiya ɗaya mai zurfin da sai an ɗaura wa sa igiya yake jawo guga. Amma hatsi, Allah Ya ba Damargu hatsi. In damina ta yi kyau har sai an gina sabon rumbu ana cikin girbi. Ina son kakanku, shi ma yana sona, wannan ba sai na tsaya ba ku labarinsa ba. Wadda nake so ku sani ita ce uwarsa, Iya Tekna. Buzuwa ce daga Azbin. Surukina ya aure ta tun yana saurayi mai auna wa ayari hatsi, ya kawo ta cikin Hausawa ta zauna har kanta ya yi fari. Doguwa ce siririya, ba ta sauri, ba ta ɗaga murya. Hausarta gajera ce, ta isa gaisuwa da cinikin gishiri, amma ba ta isa hira ba. In mata sun zauna ana ba'a ana shewa, sai kowa ya gama dariya sannan ita ta yi murmushi. Kakanku ya iya yarenta yana ƙarami, amma yara suka dame shi da tsokana a bakin rijiya, ɗan Buzuwa, ɗan Buzuwa, har ya yi zuciya ya daina. In ta yi masa Buzanci sai ya amsa da Hausa, da ta gaji ita ma ta bari. Lokacin da na zo gidan, awakinta kaɗai take yi wa yarenta da safe in tana tatsa.

Da cikina ya tsufa aka mayar da ni Falanko goyon ciki, can na haifi Musa, can na yi wankan jego. Ku yaran yanzu da kuke ɗaga ɗan fari sama kuna sumbatarsa a gaban surukai ba za ku gane ba, amma a zamaninmu ɗan fari abin kunya ne ga uwa da uba. Ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa, ba a nuna ana sonsa. Ni kaina ƴar fari ce, kuma har tsohuwata ta bar duniya ban ji sunana a bakinta ba, ke take ce mini. Ranar da za a mayar da ni ɗakina ta ja ni gefe, tana gyara mini goyo ba tare da ta dube ni ba.

"Ke, buɗe kunnenki da kyau. Ɗan nan ba naki ba ne, na kakanninsa ne. Ki ba shi nono, ki wanke shi, shi ke nan. Kada in ji an ce an gan ki kina masa wasa. Kada in ji sunansa a bakinki. Mu ba mu gaji rashin kunya ba."

Na ce to, kuma na riƙe. In zan ba shi nono sai in juya fuskata bango. In ya yi mini dariya da dasashinsa sai in dubi rufin ɗaki, zuciyata kuwa kamar ta faso ƙirji. In dole ta kama a ambace shi sai in ce yaron nan. Kakanku ya fi ni ma, in aka shigo da yaron ta ƙofa shi sai ya fita ta ita. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka tarar, kuma an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk son da nake masa a ciki na zuba shi na rufe.

Iya kuwa kaka ce, babu kunya tsakaninta da jika. Tun ranar da na sauke shi daga bayana ta karɓe shi kamar wadda aka biya tsohon alkawari. Sai ga matar nan da muka sani shiru-shiru ta zama mai surutu. Daga fitowar rana har faɗuwarta bakinta bai hutawa. Ta ɗauke shi ta kai shi garke, ta kama ɗan hannunsa ta ɗora a bayan akuya ta ce tagat. Ta tsoma yatsunsa a ƙwarya ta ce aman, wato ruwa. Ta ɗebi hatsi ta zuba masa a tafi ta ce enele. Abin da ya fi ba ni mamaki, in ta yi magana sai ta dakata ta zuba masa ido, kamar da babban mutum take hira, shi kuma ya yi gwaranci, ta gyaɗa kai ta amsa masa da gaske. Ina daka ina satar kallonsu. Wani lokaci in ji daɗi, wani lokaci kuma sai dai in ƙara wa taɓarya ƙarfi. Da ya fara rarrafe, in ta buɗe hannuwa ta ce ayaw, wato zo, sai ya taho da gudu yana tuntuɓe da gwiwoyinsa. Da bakinsa ya buɗe, aman ya fara faɗa.

Darni ɗaya ne tsakaninmu da Kande, matar ɗan baffan kakanku, mace mai baki kamar reza amma ba ta da mugunta. Ta haifi Ladi wata ɗaya da Musa. Ladi ta huɗu ce a wurinta, ba kunya ba komai, uwa na mata surutu, yayye na mata surutu. Kafin ka ce me, yarinya ta iya Inna, ta iya tuwo, ta iya miya, tana kiran sunan kowa a gidan. Kande ta leƙo ta kan darni ta ga Musa yana nuna abu yana faɗin abin da ba mai ganewa.

"Habsu, wannan baƙon naku sai an aika bariki a aro masa tafinta."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi, don in ban yi ba za a ce na ji haushi saboda ɗan fari. Daga wasa magana ta zama gaske. Tsofaffi suka ce an raba wa yaro harshe biyu, shi ya sa ya rasa na kamawa. Wanzami ya zo aski ya ce a bari ya ɗan tsaga masa ƙarƙashin harshe, bakin zai sake. Iya ta tashi ta ɗauki taɓarya ta tsaya a ƙofar ɗakinta, shi kuma ya tuna yana da wani askin a Gangara.

Ranar da idona ya buɗe, lokacin kaka ne, muna sussuka a bayan gida, an zaunar da su biyun a tabarma cikin inuwar rumbu. Wata akuya ta gifta, Ladi ta nuna ta ce akuya, Musa ya nuna ya ce tagat. Ta jawo ƙwaryar sha ta ce ruwa, ya ce aman. Abin ya zame musu wasa, ita ta faɗi nata shi ya faɗi nasa. Na sassauta taɓarya ina saurare. Duk abin da Ladi ta kira, shi ma yana da sunansa, har ya nuna wani tsuntsu ya kira shi ita ba ta san shi ba. Ashe bakinsa ba a ɗaure yake ba, mu ne ba mu jin abin da ke ciki. Ina cikin wannan farin ciki sai Ladi ta miƙe ta nufi murhun da muka ɗora dafuwar wake. Musa ya daka mata tsawa da Hausa tsantsa.

"Bari! Zafi! Kul!"

Mata suka kwashe da shewa, Kande har da riƙe ciki, tana cewa ashe munafukin yana ji. Ni ban yi dariya ba, don muryata na ji a bakinsa, da irin yadda nake ja da yadda nake yankewa. Na tsaya na auna Hausar da ke bakin ɗana kaf: bari, tashi, sauka, kul, zafi. Babu ta daɗi ko ɗaya. Tsawa kaɗai kunya ta yarda in yi masa, ita kuwa ya tara. Abin sha da abin ci da dabba da tsuntsu da wata a sama duk da yaren Iya ya san su, don ita ta nuna masa. Ni abin da na ba shi shi ne hani. Tsawar ta firgita Ladi ta ruga wurin uwarta tana Inna, Inna. Na dubi Musa. Yana da sunan akuya, yana da sunan kaza, ni ba shi da sunan da yake kirana. In yana son nono sai dai ya zo ya ja mini zane.

Tun a daminar shekarar surukina ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Iya ta gama takaba daidai lokacin da mutanen Azbin suke gangarowa da raƙuma da awaki su sauka a gonakin da aka girbe, dabbobinsu su ci kara su bar mana taki, su ba mu gishiri da dabino da cuku mu ba su hatsi. A cikinsu har da ƙanenta, Kawu Agali, wanda ya kafa bukkokin tabarmarsa a gonarmu. Wata rana na kai wa kakanku tuwo, na durƙusa zan ajiye, ya yi magana yana kallon ƙasa.

"Iya za ta bi Kawu in bazara ta yi. Ta roƙi yaron nan, na ba ta."

"Har yaushe?"

"Ke ma kin san ɗan fari na kaka ne. Ga shi ma yarensu yake yi. Allah Ya ba ki wasu."

Na dangwarar da akushin har miya ta fantsala masa a riga. Al'ada tana bayansa, kuma wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce tana son ɗan farinta? Azbin kuwa ba Falanko ba ce da za ka je ka dawo. Yaron da aka kai can yana ɗan yaye, in ya dawo sai da rawani a fuska, ya gaishe ka kamar baƙo.

Cikin rani tsohuwata ta zo daga Falanko aka yi yaye. Ranar Juma'a malam ya yi rubutu aka ba shi ya sha, aka shafa mini maɗaci a nono, ya kama ya saki yana kuka, Iya ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Bai daɗe ba ya haƙura. Daga nan ko jan zanen ma ya daina. Sai ya wuce ni a tsakar gida kamar yadda yake wuce turmi. Wannan ya fi mini ciwon nonon da ya kumbura. Na ga in na yi shiru, ba sai an kai shi Azbin ba ma, ya riga ya tafi.

Da sassafe na bi Iya garke, na same ta a tsugune tana tatsar farar akuyarta. Na gaishe ta, na durƙusa, na daɗe ina wasa da ƙasa kafin maganar ta fito.

"Iya, don Allah kada ki tafi mini da shi."

Ba ta daina tatsa ba.

"Naki ne?"

"Nawa ne."

"Ban taɓa ji ba."

Na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi. Ta ajiye ƙwaryar, ta juyo, ta yi mini magana mafi tsawo da na taɓa ji ta yi da Hausa, tana tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Yarinya, ni ba ɓarauniya ba ce. Na zauna gidan nan shekara da shekaru. Tuwo akwai. Zane akwai. Mai amsa mini babu. Na san ciwon. In na bar shi, ya ce aman, wa zai ba shi? Ya ga tsuntsu, wa zai gaya wa? Uba ya fita waje, uwa ta dubi bango. Ba zan bar shi cikin shiru ba."

"Zan yi masa magana, Iya. Wallahi zan yi."

"A ɗaki? A ɓoye? Yaro ba a ɗaki yake yini ba. A tsakar gida. Gaban uwarki, gaban mijinki. In kin iya, na bar shi. In ba ki iya ba, ki bar ni da shi, kada ki yi mini kuka."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce ta bar ni durƙushe cikin awaki.

Na san in na bari rana ta faɗi ba zan iya ba. Da hantsi gida ya cika. Kande da wasu mata biyu sun shigo muna daka, tsohuwata tana zaune a inuwa tana kaɗi, kakanku da ɗan baffansa suna gyaran darni, Iya tana bakin ƙofarta. Musa yana can wajen akurki yana bin kaji. Na ce a raina ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na jingine taɓarya, na buɗe baki.

"Musa!"

Muryar ta fito kamar ba tawa ba. Taɓare suka tsaya cak. Mazarin tsohuwata ya faɗi ƙasa ya gangara. Shi kuwa yaron ya ɗago ya dubi Iya, don daga can ya saba jin sunan nan. Na sake kira, ya waiga hagu ya waiga dama, bai dube ni ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga kunya na sha, ga ɗan bai zo ba. Sai na durƙusa a tsakiyar mutane, na buɗe hannuwana yadda na ga Iya tana yi.

"Musa, ayaw."

Ya tsaya ya ƙura mini ido. Sai ya ƙyalƙyale da dariya, irin dariyar wanda ya ji turmi ya yi magana, ya taho yana tangaɗi da wani gashin kaza a hannu. Ya ɗora mini a tafi, ya faɗi sunansa da yaren Iya. Na ce masa gashin kaza. Ya dubi bakina, na sake faɗa, ya sa yatsa ya taɓa leɓena. Hawaye suka zubo mini a gaban kowa, ban share ba.

"Innalillahi," in ji tsohuwata. "Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Ashe marar kunya na haifa."

Ta tashi ta ɗaure kayanta, ko furar da na dama ba ta sha ba, ta sa aka raka ta Falanko a ranar. Sai da shekara ta zagayo ta yarda ta amsa gaisuwata, kuma har ta rasu in na kira Musa a gabanta sai ta tashi ta bar wurin. Kakanku ya yar da igiyar darni ya fita, ya yi kwanaki yana cin tuwo a gidan ɗan baffansa, don maza sun sa shi gaba a dandali. Mata suka sa ni a waƙar daka. A bakin rijiya aka laƙaba mini Uwar Musa, sunan da kuke kirana da shi yau kuna ganin girmamawa ce, alhali da zagi aka fara shi. Na ji zafi, ba zan ce ban ji ba. Akwai ranar da na fasa tulu a bakin rijiya don haushi, na dawo gida hannu wofi.

Iya ta cika alkawari, ta gaya wa ɗanta da ƙanenta ta fasa tafiya da yaron. Abin da ya rage na ranin nan kuwa, a duk tsawon rayuwata ban ga kwanaki masu daɗinsu ba. Mu biyu muka sa shi tsakiya. Ta nuna abu ta faɗi nata, in faɗi nawa. Da farko ya riƙa kallonmu kamar muna masa wayo, daga baya ya gane wasan ya fi mu iyawa. Ya ɗauki ƙwarya ya dubi Iya ya ce aman, ya juyo gare ni ya ce ruwa. Bai cika kuskuren mai kalma ba, ya san wadda ta Iya ce da wadda tawa ce, in kuwa ya rasa ta ɗaya sai ya ara daga ɗayan ya cike. Kalmomi suka riƙa fito masa kamar tsiro bayan ruwan shuka, yau biyu gobe biyar, har Kande ta daina maganar tafinta ta koma cewa a rufa mata asiri a kama wannan aku. To Mariyama, ki rubuta wannan da kyau: ni ban ga harshe biyu ya ɗaure bakin ubanki ba, shiru ne ya so ya ɗaure shi. Ni ma a ranin na tsinci Buzanci kaɗan, Iya tana dariyar yadda nake karya shi, karo na farko da ita ce mai fara dariya a gidan.

Da gajimare ya fara haɗuwa a gabas, mutanen Azbin suka soma naɗe tabarminsu. Na roƙi Iya ta zauna, na roƙe ta har da kuka, ku ji wannan ku masu cewa na kore ta. Ta dafa kaina ta ce ta tsufa, tana so in ciwon ajali ya zo ta nemi ruwa a gane abin da ta ce. Ranar tafiyar ta goya Musa ta zaga da shi garke, ta yi masa doguwar magana a kunne, sannan ta kwance shi ta ɗora mini a baya da hannunta ta ɗaure zanen. Farar akuyar ta bar masa. Kakanku ya raka su har suka ɓace, ya dawo da jajayen idanu ya ce ƙaiƙayi ne ya faɗa masa.

Musa ya neme ta. Kullum da safe sai ya tafi ƙofar ɗakinta ya leƙa, ya wuce garke ya tsaya yana yi wa awaki yarenta. In ya yi mini, ina amsa abin da na sani, amma abin da na sani bai fi cikin ludayi ba. Na roƙi kakanku ya riƙa yi masa ko kaɗan ne, ya ce ya manta, ban sani ba ko gaskiya ne. Cikin daminar nan, ina tsugune ina cire ciyawa a gona, na ji an ce Inna a bayana. Na waiga ina neman Ladi, sai na ga shi ne, yana miƙo mini wata fara da ya kama. Na zauna a cikin kunyar hatsi na rungume shi na yi ta kuka, shi kuma yana ta ƙoƙarin ƙwace fararsa. Amma kowace kalma da na ba shi, sai wata ta Iya ta faɗi, don ba mai amsa ta. Enele ta tafi, tagat ta tafi. Aman ce ta daɗe, ita ma wata rana na lura na kwana biyu ban ji ta ba.

Lokacin kakar da ta biyo baya, mutanen Kawu Agali ba su gangaro ta wajenmu ba. Sai a ta bayanta muka ga raƙumansu a gona. Iya ba ta cikinsu. Ya ce tana nan da rai, amma idanu sun tafi, ƙafa ma ba ta ɗaukarta. Ya kwance wata ƴar jakar fata ya fito da cuku da dabino, ya ce na Musa ne, ita ta ɗaure da hannunta. Na kira yaron ya zo, ya yi tsawo, bakinsa kuwa ba ya rufuwa. Kawu ya tsuguna a gabansa ya yi masa magana da Buzanci a hankali, doguwar magana, da ji ka san haddace ta ya yi tun daga Azbin. Musa ya saurara har ƙarshe. Sannan ya zagayo bayana ya kama zanena.

"Inna, me mutumin nan yake cewa?"

Kawu ya ɗago ya dube ni ta saman rawaninsa.

"Ta ce in tambaye shi lafiyar farar akuya. Ta ce in riƙe amsarsa yadda ya faɗe ta, kada in canza ko kalma ɗaya, in kai mata. Tun da muka taso take jira. Me zan ce mata?"

Na dubi yaron, yana ta cusa dabino a baki yana tambayata ko raƙumi yana cizo.

"Kawu, ka ce mata akuya ta haifi biyu. Ka ce mata surutunsa ya hana mu sakat. Ka ce mata duk abin da ya faɗa, akwai mai amsa masa."

Ya gyaɗa kai, ya maimaita a hankali don kada ya manta, ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Bai tambaye ni da wane harshe ba, ni ma ban gaya masa ba.